Hawan tuddai ba da motarka ba: amsoshin tambayoyin da na gaji da ji

Duk sanda aka ce za a fita yawon ƙafa a yankin tuddai, tambayoyi iri ɗaya ne ke dawowa, wani lokacin ma daga bakin mutumin da aka ba amsa makon jiya. Ga su nan na tara. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Wai zai yiwu mutum ya je hawan tudu ba shi da mota?

Zai yiwu. Kullum ana yi. A Ingila, jirgin ƙasan da ke bi tsakanin Manchester da Sheffield yana tsayawa a ƙauyen Edale, kuma daga ƙauyen ne turbar Pennine Way ta fara, wadda aka buɗe a 1965, ta miƙe har cikin Scotland. A Suwizalan, motocin gidan waya masu launin rawaya suna kai fasinja ƙauyukan da jirgi ba ya zuwa. Inda babu wannan tsari, akwai motar hayar da ke zuwa ƙauyen ƙarshe a gindin dutse. Idan mutanen ƙauye suna fita suna dawowa, kai ma za ka iya.

Ba wahala ba ce kawai?

A'a, wani lokacin ma ka fi mai mota. Shi dole ya koma inda ya ajiye ta, don haka ko dai ya yi zagaye, ko ya maimaita hanyar da ya bi. Kai kuwa sai ka sauka a tasha ɗaya, ka haye tudun, ka gangara wani kwarin daban, ka hau a wata tashar. Daga Edale ɗin nan mutum kan hau tudun Mam Tor, ya bi doronsa, ya sauko ƙauyen Hope, inda akwai tasha a kan layin guda. Mai mota ba shi da wannan sai da dabara.

Wane takalmi zan saya?

Wanda ƙasansa ba ya santsi, kuma ƙafarka ta riga ta saba da shi. Kar ka sa sabo ranar tafiya, bororo zai koya maka hankali.

Wayata ta isa, ko sai na riƙe taswirar takarda?

Sauke taswirar a wayar tun kana gida. Na'urar GPS ba ta buƙatar sabis kafin ta nuna inda kake, amma taswirar da ba ka sauke ba ba za ta buɗe a cikin kwari ba. Sanyi kuma yana cinye caji da sauri. Ka ɗauki hoton jadawalin mota, ka kuma rubuta lokutan a takarda. Na san za a ce tsohon yayi ne. A ce ɗin.

Ka koyi abu ɗaya a taswira: layukan tsayi, wato siraran layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka matse, hawan tsaye yake. Inda suka yi nesa da juna, ƙasa ta kwanta.

To yaya zan tabbatar na riski motar ƙarshe?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai. Amma ga yadda nake lissafi.

Fara daga ƙarshe. Kafin ka duba kyan wuri ko tsayin dutse, duba ƙarfe nawa motar komawa take tashi. Sannan ka manta da ta ƙarshen. Sa ranka a kan wadda take gabanta, ta ƙarshen ta zama ajiya. Idan a rana mota biyu ce kawai, ta safe da ta yamma, to tafiyarka ba ta da ajiya, sai ka gajarta ta sosai.

Sai lissafin lokaci. Wani mahayin duwatsu ɗan Scotland, William Naismith, ya kawo ƙa'ida a 1892 wadda har yanzu ake aiki da ita: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. A ce turbarka kilomita 15 ce, hawanta mita 900. Awa 3 ke nan na tafiya, da awa ɗaya da rabi na hawa, jimla awa huɗu da rabi. Sai dai fa ƙa'idar ta ɗauka cewa kai lafiyayye ne, hanya a bushe take, kuma ba ka tsaya ko sau ɗaya ba. Babu hutu a ciki, babu cin abinci, babu ɗaukar hoto, babu ɓatan hanya. Ni nakan ƙara kashi ɗaya cikin uku, awa huɗu da rabin nan ta koma shida. Idan da yara ko sabon shiga, ƙara fiye da haka. Ayari da saurin na baya yake tafiya, ko na gaba ya so ko ya ƙi.

Gangara ma tana yaudara. Mutane sun ɗauka saukowa kyauta ce. A gangara mai sauƙi, e, za ka yi sauri. A mai tsauri, musamman bayan ruwa, gwiwa kan yi rawa, saukowar ta ci lokaci kusan kamar hawan. Kana hango rufin tashar a ƙasa kana cewa ai an iso, alhali da sauran awa guda. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Wani abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne ta wane ɓangare za ka fara. Idan ƙarshen turbar ɗaya ƙauye ne mai mota jifa-jifa, ɗayan kuma gari ne mai mota duk awa, to fara daga ƙauyen, ka ƙare a garin. Da safe kana da ikon kama motar da ka zaɓa. Da yamma, da gajiya a jiki, ba ka da shi. Wannan ma ba ko da yaushe yake yiwuwa ba, domin wani lokacin motar safe zuwa ƙauyen ba ta isa da wuri, ko kuma hawan ta wancan gefen ya fi tsanani. Nan sai ka auna da kanka.

Jadawalin karkara kuma sai an karanta ƙananan rubutun ƙasansa. Wata motar ranakun makaranta kawai take fita. Wata ba ta aiki ranar hutun mako. Wata tana canja lokaci idan yanayi ya juya. Wata sai ka buga waya tun jiya ka kama wuri, in ba haka ba ba za ta zo ba. Akwai tashoshin da jirgi ko bas ba ya tsayawa sai ka ɗaga hannu. Inda kuwa babu jadawali sam, mota sai ta cika take tashi, lissafin ya canja gaba ɗaya: tambayi direban da ya kawo ka yaushe motoci ke daina fita, ka sake tambayar wani a ƙauyen, ka ɗauki amsar da ta fi wuri. Matambayi ba ya ɓata.

Abu na ƙarshe a nan, yanke lokacin juyawa tun kafin ka ɗaga ƙafa. Idan ƙarfe kaza ta yi ban kai wuri kaza ba, zan juya, ko zan sauka ta gajeriyar hanya. Ka nemo gajeriyar hanyar a taswira tun a gida. Shin duk wannan zai hana mota ta wuce ka? Ba lallai ba. Mota kan lalace, hanya kan yanke. Amma zai rage yiwuwar sosai.

Idan duk da haka ta wuce ni fa?

Kwantar da hankalinka, ba kai ne farau ba. Abin da ba na so shi ne gudu a gangara don cim ma mota. Targaɗe a kan dutse ya fi kwana a ƙauye muni nesa ba kusa ba. Riƙe lambar mai tasi na yankin, da kuɗi a hannu, da tocila, da rigar sanyi. Ka kuma gaya wa wani a gida inda za ka da lokacin da zai ji daga gare ka.

Rigar sanyi? Ai rana ake yi.

A ƙasa ake yi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi kan ragu da kusan digiri 6.5, ga iska a kan doro, ga gumi ya jiƙa maka riga. Ɗauka.

Ko'ina zan iya ratsawa?

A'a. Doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Siwidin, da Scotland tun dokar 2003, mai tafiya yana da haƙƙin ratsa mafi yawan fili muddin bai yi ɓarna ba. A wasu wuraren dole ka tsaya kan turbar da aka ware. Bi alama: a Faransa manyan turbobi fenti ja da fari ne, a Suwizalan allunan rawaya ne masu nuna awannin tafiya. Kar ka tattaka shuka. Ƙyauren shingen da ka buɗe, rufe shi. Saniya mai ɗan maraƙi, ba ta hanya mai faɗi. Haba, sai an gaya wa babba wannan?

Hadari ya taso ina sama. Me zan yi?

Sauka daga doron nan take, kar ka fake ƙarƙashin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai. Ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa: duk daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. Idan ba ka kai 30 ba, ta yi kusa.

Zan iya tafiya ni kaɗai?

A turba mai alama, mai jama'a, e. Ranar hazo a wurin da ba ka sani ba, a'a.

Direba zai bar ni na hau da laka a takalmi?

Yawanci zai bari. Amma kakkaɓe ta a bakin tasha, ka sauke jakar daga baya kafin ka shiga, kar ka make fuskar wanda ke zaune.