Sunan da ke kan takarda naka ne: fashin baƙin ƙa'idar sunayen kayan kiɗa a manhaja

Tun watan Agustan 2024, lokacin da kamfanin MakeMusic ya sanar da daina ci gaba da Finale, manhajar rubuta kiɗa da ta shekara 35 ana aiki da ita, masu tsara kiɗa suka shiga kwashe tsofaffin ayyukansu zuwa wasu manhajoji irin su Dorico da Sibelius da MuseScore. Gadar da aka fi bi wajen wannan ƙaura ita ce nau'in fayil ɗin da ake kira MusicXML. Daga nan ne maganganu suka fara yawo. Wasu na cewa ƙa'idar MusicXML tana share sunayen da mutum ya sa wa kayan kiɗansa, ta ɗora na Ingilishi dole. Wasu na cewa duk abin kiɗan da ba ya cikin jerin da aka amince da shi, ba a yarda a rubuta masa komai ba. Har na ji mai cewa gara ya sake rubuta aikin shekara goma da hannu da ya bari a lalata masa sunaye. Duk waɗannan maganganu ba haka suke ba, kuma abin takaicin shi ne sun ɗauke hankalin mutane daga inda ainihin haɗarin yake.

Ƙa'idojin da ake magana a kansu biyu ne. Ta farko General MIDI, wadda ƙungiyar masu ƙera kayan MIDI (hanyar da na'urorin kiɗa da kwamfuta ke aika wa juna saƙon abin da za a kaɗa) ta Amurka da takwararta ta Japan suka fitar a 1991. Ta biyu MusicXML, wadda Michael Good ya ƙirƙira, sigarta ta farko ta fito a 2004, kuma tun 2015 wani kwamiti a ƙarƙashin W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ke kula da ita. Waɗanda suka shafa su ne masu gina manhaja da masu ƙera na'urar kiɗa. Mawaƙi da malamin kiɗa da shugaban ƙungiyar mawaƙa babu wanda ya ɗaure su. Babu kotu, babu tara.

To me ƙa'idar ta ce a kan suna? A cikin fayil ɗin MusicXML kowane kaso, wato layin da makaɗi ɗaya ko rukuni ɗaya ke bi, yana da suna fiye da ɗaya, kuma kowanne da aikinsa. Akwai cikakken sunan da ake bugawa a shafin farko. Akwai gajeren suna da ake maimaitawa a sauran layuka don kada ya cinye wuri. Waɗannan biyun rubutu ne kawai, kuma abin da ka ga dama shi za ka rubuta: da Italiyanci, da Larabci, da Hausa, ko ma sunan wanda zai busa. Ƙa'idar ba ta da jerin kalmomin da ta halatta a nan. Sai kuma abin da ke ƙarƙashi, wanda ido ba ya gani a takarda: wata alama irin P1 ko P2 wadda ba a yarda kaso biyu su yi tarayya a kanta ba a fayil ɗaya, da bayanin wane irin abin kiɗa ne, da lambar sautinsa, da nisan da ke tsakanin abin da aka rubuta da abin da kunne zai ji. A nan ƙasa ne ƙa'idar take da tsauri. Sunan sama na ɗan Adam ne, na ƙasa na kwamfuta.

Wani zai ce to ai ni da idona na ga sunana ya sauya bayan na buɗe fayil a sabuwar manhaja. Gaskiya ne, yana faruwa. Amma ba ƙa'ida ce ta yi umarni da hakan ba. Manhajar da ta karɓi fayil tana ƙoƙarin gane wane abin kiɗa ne a gabanta don ta haɗa shi da nata jerin, wani lokaci kuma sai ta ɗora sunan da ke cikin jerin nata. Idan ta samu bayanin ƙarƙashi a cike, aikin ya zo mata da sauƙi. Idan ta tarar babu, sai ta koma karanta sunan sama tana hasashe, kuma hasashe a kan sunayen kayan kiɗa wuri ne mai santsi. A takardar Faransawa, kalmar Alto na nufin biyola, yayar biyolin, alhali a takardar mawaƙa Alto muryar mutum ce. A wurin Jamusawa harafin B na nufin B-filat, wato sautin da ke rabin taki a ƙarƙashin B, sautin da wasu ke kira B kuma su H suke ce masa, don haka kilarinet da aka rubuta wa B a takardar Jamus ba abin da mai karatun Ingilishi zai zata ba ne. Abin busar da ake kira ƙahon Ingila ba ƙaho ba ne, ɗan gidan obo ne. Italiyanci kuma yana da tromba da trombone, abu biyu daban da 'yan haruffa kaɗan suka raba. Mutumin da ya saba yakan gane daga yanayin kiɗan. Manhaja haruffa take bi.

Kuskuren da ya fi cutarwa kuwa kishiyar jita-jitar ne, kuma ba a cika maganarsa ba: mutane na zaton idan sun sauya sunan sama, sun sauya abin kiɗan. Mutum ya rubuta layi don sarewa, daga baya ya ga kilarinet zai fi dacewa, sai ya danna sunan ya share, ya rubuta kilarinet, ya wuce abinsa. A ido komai daidai. A ƙarƙashi kuwa sarewa tana nan daram.

Hukuncin wannan kuskure shi ne ya kamata a ji tsoro, domin ba ya zuwa da gargaɗi. Wasu kayan busa ba sa fitar da sautin da aka rubuta musu. Mai kilarinet na B-filat in ya ga C a takarda ya busa, abin da zai fito B-filat ne, wato ya sauka da taki ɗaya, rabin taki biyu ke nan. Ƙahon F yana sauka da rabin taki bakwai, saksofon alto da rabin taki tara. Saboda haka dole a ɗaga musu rubutu daidai gwargwadon saukar, kuma fayil ɗin yana ajiye wannan nisa a matsayin lamba: a cire biyu, a cire bakwai, a cire tara. Sarewa ba ta da wannan goci, abin da aka rubuta shi ake ji. To idan layin da ke ɗauke da sunan kilarinet sarewa ce a ƙarƙashi, manhaja ba za ta ɗaga komai ba. Za ta buga takarda tsaf, mai kyan gani. In ka kunna a kwamfuta ma za ka ji daɗinsa, don ita sarewa take busawa a daidai wurin. Sai ranar gwaji, makaɗa sun zauna, mai kilarinet ya bi takardarsa da gaskiya, kuma tun daga farko har ƙarshe yana ƙasa da kowa da taki ɗaya. Shi za a fara harara, bawan Allah, alhali bai yi laifin komai ba. Lokacin gwajin ya tafi, a koma a sake buga takardu. Na taɓa yin irin wannan da kaina a kan layin ƙaho, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne na duba takardar sau da yawa ban ga komai ba, domin sunan nake dubawa.

Akwai kuma saɗara ɗaya a ƙa'idar da ke rikita ko waɗanda suka daɗe a harkar, ita ce ta lambobi. General MIDI ta jera sauti 128, ta ba kowanne lamba: 1 babban fiyano, 41 biyolin, 57 turumfet, 72 kilarinet, 74 sarewa. Jerin da aka buga yana ƙirga daga 1 zuwa 128, kuma MusicXML haka ta bi. Amma saƙon da ke tafiya a cikin wayar MIDI yana ƙirga daga 0 zuwa 127, kuma wasu na'urori wannan ƙirgan suke nunawa a fuskarsu. Don haka kilarinet 72 ne a wani wuri, 71 a wani wuri, kuma dukansu daidai ne. Matsalar tana zuwa idan ka kwafi lamba daga mai ƙirgan sifili ka zuba wa mai ƙirgan ɗaya: 71 a can basun ne, wani abin busa mai kaurin murya. In ka kwafi 40 da nufin biyolin, bas ɗin lantarki za ka samu. Ba wanda ya sauya maka abin kiɗa da gangan, lamba ɗaya aka goce. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa layin da manhaja ta kasa ganewa yakan fito da muryar fiyano: shi ne na farko a jerin, shi sifili ke nunawa.

MIDI yana tura saƙonsa ta hanyoyi da ake kira tashoshi, kuma tasha ta 10 ita ma tana da nata sharaɗi. Cikin tashoshi 16 na MIDI, General MIDI ta keɓe ta goma ga ganguna, kuma a can lambar sauti ba tsayin murya take nufi ba, wace ganga take nufi: 36 babbar gangar ƙafa, 38 ƙaramar ganga mai zaza, haka dai daga 35 har 81. Layin sarewa da ya faɗa tasha ta 10 zai koma tarin bugu.

Yanzu maganar cewa abin da ba ya cikin jeri an hana shi. Ba a hana ba. Za ka iya rubuta masa kiɗa, ka sa masa sunansa na gaskiya a takarda, ka buga, makaɗi ya karanta. Abin da za ka iya rasawa shi ne muryarsa idan ka kunna a kwamfuta, sai dai ka ara masa ta wani makamancinsa. Sai dai ba zan ɓoye ba, masu ƙorafin suna da ƙamshin gaskiya. Jerin 1991 an kasa shi gida 16, kowane gida sauti 8. Fiyano da danginsa gida guda, jita gida guda, bas gida guda. Gidan da aka ware wa kayan kiɗan sauran al'ummun duniya, daga 105 zuwa 112, shi ma takwas ne: sitar ta Indiya, banjo, shamisen da koto na Japan, kalimba, da wasu uku. 'Yan kaɗan sun samu mafaka a wasu gidajen, kamar sarewar shakuhaci da gangar taiko. Gidan ƙarshe kuwa, 121 zuwa 128, an ba shi ga ƙarar teku da kukan tsuntsu da ƙarar tarho da jirgi mai saukar ungulu da tafi da harbin bindiga. Wato ƙarar tarho ta samu kujera, garayu da molaye da algaitun duniya da yawa ba su samu ba. Za a ce ai na'urorin wancan zamani ba su da wurin ajiya, kuma haka ne. Amma ƙarancin wuri shi ke nuna abin da mai rabo ya fi ɗauka da muhimmanci.

MusicXML ta yi ƙoƙarin gyara wannan a sigarta ta 3.0 a 2011, inda ta kawo jerin sautuka ɗaruruwa waɗanda ba a lamba ake kiransu ba, a dangantaka ake jera su: na busa, mai harshe, kilarinet, na B-filat. Amfanin wannan tsari shi ne manhajar da ba ta da ainihin sautin tana iya hawa sama ta ɗauko ɗan uwansa mafi kusa, maimakon ta faɗa kan fiyano. Siga ta 4.0 ta fito a 2021. Amma ƙa'idar ba ta tilasta wa kowace manhaja ta cike wannan bayani ko ta karanta shi ba, shi ya sa fayil ɗaya kan buɗe lafiya a nan, ya buɗe da ɗingishi a can.

Abin yi bai da yawa. In za ka sauya abin kiɗa, ka bi ta umarnin sauya abin kiɗa na manhajar, sannan ka gyara sunan sama yadda kake so. Kada ka fara daga suna. Ka tsaya kan harshe ɗaya a takarda ɗaya, kuma gajeren suna ya dace da cikakken, don in shafin farko ya ce biyolin na ɗaya, shafi na tara bai kamata ya kira shi da wani abu dabam ba. Makaɗin da ke riƙe da abu biyu, kamar sarewa da fikolo, kaso ɗaya ne mai kayan kiɗa biyu a ƙarƙashinsa, ƙa'idar ta tanadi hakan, ba sai ka ƙirƙiro masa layi na biyu ba. Bayan ka buɗe fayil a sabuwar manhaja kuma, kada ka tsaya kan sunaye. Ka juya takardar tsakanin yadda ake ji da yadda ake rubutawa, ka zuba wa layin kilarinet da ƙaho da saksofon ido. Ya kamata su motsa. Layin da ya tsaya cak, to a ƙarƙashi wani abu ne daban, ko da me aka rubuta a gefensa.