Ɗame fatar fuska da wuya ba tare da tiyata ba

Ɗame fata ba tare da tiyata ba suna ne da ya haɗa hanyoyin da likitocin fata ke bi don rage sakin fatar kumatu, haɓa da wuya ba tare da an sa wuƙa ba. Dabarar kusan ɗaya ce a dukkansu: a kai zafi can ƙarƙashin fata da gangan, a ɗan ji mata rauni, jiki kuma wajen gyaran raunin ya saƙa sabon kolajin, wato zaren furotin da ke riƙe fata. Kolajin yana raguwa da shekaru, kuma rana da shan taba da daina jinin al'ada suna ƙara masa sauri.

Igiyar rediyo, wato wani nau'in lantarki mai ɗumama cikin fata, ita ce ta fara samun karɓuwa. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar Thermage a 2002. Ana ɗora kan na'urar a kan fata, tana ɗumama ciki tana kuma sanyaya sama, kuma yawanci zama ɗaya ake yi. Ƙananan na'urori irinta sukan tsayar da zafin saman fata a digiri 40 zuwa 42, su kuwa suna buƙatar zama da yawa. Akwai kuma masu haɗa igiyar da ƙananan allurai, irin su Morpheus8, waɗanda ke huda fata su saki zafin daga bakin allura. Galibi zama uku ne, wata guda tsakani.

Hanya ta biyu ita ce sautin da kunne ba ya ji, wanda ake tattarawa wuri guda. An amince da na'urar Ultherapy don ɗaga gira a 2009, sannan don wuya da ƙarƙashin haɓa a 2012. Tana da kawuna masu kai zafi zurfin milimita 1.5, 3 da 4.5, a ɗigo-ɗigo ƙanana masu kai digiri 60 zuwa 70. Zurfin 4.5 ɗin shi ne ya bambanta ta, domin a nan ne shimfiɗar tsoka da tantani da ake kira SMAS take, wadda likitan tiyata ke ja idan zai ɗaga fuska. Mai aikin yana kallon hoton cikin fatar a allo don ya kauce wa ƙashi. Aikin yana da zafi, musamman a gefen muƙamuƙi, shi ya sa ake ba da maganin rage raɗaɗi tun kafin a fara.

Leza, wato haske mai ƙarfi da aka tattara, ita ma tana ɗame fata kaɗan, amma ta fi gyara sama, kuma ga masu duhun fata tana iya barin baƙin tabo. Igiyar rediyo da sauti ba ruwansu da launin fata, don haka sun fi dacewa da su.

Ba a ganin sakamako nan take. Ɗan cikar da ake gani ranar farko yawanci kumburi ne. Canjin gaske sai bayan wata biyu zuwa shida, kuma yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya gushe. Gyaran matsakaici ne. Wanda fatarsa ta fara saki zai amfana, amma wanda wuyansa ya riga ya yi leɓe-leɓe, tiyata ce kaɗai ke cire rarar fata.

Yawancin matsaloli daga zafi ko zurfin da bai dace ba suke fitowa. Idan kan na'urar bai zauna daram a kan fata ba, sai ƙuna da bororo. Idan zafin ya zarce cikin kitse, yana narkar da shi, fuska ta rame ta ƙara tsufa, kuma wannan da wuya ya koma. Taɓa jijiyar da ke bin gefen muƙamuƙi yana karkatar da leɓen ƙasa na wasu makonni. Ba a bi ta tsakiyar maƙogwaro saboda ƙulluwar tayirod, wadda ke gaban wuya tana fitar da sinadaran jiki. Ba a yi wa mai ciki ko mai gyambo a wurin, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ba a yi masa da igiyar rediyo.