Kai kare Turai a motar gida: abin da doka ke nema kafin fita da kafin dawowa

A tashar jirgin ruwa ta Dova a Ingila, ko a Fokston inda motoci ke hawa jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Faransa, za ka tarar da layin wasu manyan motoci, kowace da gado da murhu da makewayi a ciki. Motar gida ke nan, wadda Turawan Birtaniya ke yawon hutu da ita, yau su yada zango nan, gobe can. In ka leƙa ta taga, sau da yawa akwai kare kwance bayan kujerar direba. Mu da muka saba kare na tsakar gida ne ko na farauta, abin zai ɗan ba mu mamaki. Su a wajensu ɗan gida ne, ba a barin shi a baya. To sai dai wannan karen ba ya tsallaka teku sai da takarda, kuma takardar tasa ta fi fasfon maigidansa ƙa'idoji.

Tushen dokar duka ciwon haukan kare ne. Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kansa ba, kusan kowa ya taɓa jin labarin wanda mahaukacin kare ya ciza, kuma an san da zarar alamu sun bayyana sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, galibinsu a Asiya da Afirka. Birtaniya ta raba karnukanta da ita tun 1922, kuma saboda tsoron dawowarta, har zuwa shekarar 2000 duk karen da ya shigo ƙasar sai an killace shi wata shida. Daga baya aka sassauta, aka koma fasfon dabbobi. Da ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai, sai fasfon da aka bayar a Ingila da Sikotlan da Wels ya daina aiki wajen shiga Turai daga ranar 1 ga Janairun 2021. Aka maye gurbinsa da takardar shaidar lafiyar dabba, wadda ake sabuntawa a kowace fita.

Kafin a kai ga takardar akwai abu biyu, kuma wanda ya riga wani yana da muhimmanci. Na farko ƙwayar shaida, wata 'yar na'ura kamar ƙwayar shinkafa da ake sa wa kare a ƙarƙashin fata, mai ɗauke da lamba 15. Na biyu allurar rigakafin hauka. Dole a fara sa ƙwayar, ko a yi su rana ɗaya. In allura ta riga ƙwaya, a idon doka ba a yi allurar ba, don babu abin da zai nuna wannan karen aka yi wa. Ba a yi wa kwikwiyo allurar sai ya cika mako 12, sannan a jira kwana 21 cur. Ranar allura ba ta cikin lissafi: wanda aka yi wa ran 1 ga wata, sai ran 22 zai iya tafiya. Wanda kuma ya yi sakaci wa'adin tsohuwar allura ya ƙare kafin ya sabunta, ko da kwana ɗaya ne, ya koma farko, sai ya sake jiran kwana 21.

Ita takardar, ba kowane likitan dabbobi ke da ikon sa mata hannu ba, sai wanda gwamnati ta amince da shi. Ana yin ta ne cikin kwana 10 kafin shiga Turai, da Turanci da kuma harshen ƙasar da za a fara taka wa ƙafa, don haka tun a asibiti sai ka san ko ta Faransa za ka shiga ko ta Holan ko ta Sifaniya. Tana ɗaukar dabba har biyar. Kowane asibiti da farashinsa, amma yakan haura fam 100, kuma wannan kuɗin ne ya fi ci wa masu yawan fita tuwo a ƙwarya. Bayan an shiga, takardar na aiki wasu watanni don yawo tsakanin ƙasashen Tarayyar da komawa gida, muddin allurar ba ta ƙare a hanya ba. Wa'adin maigidan ma ya fi kusa, tunda kwana 90 cikin kowane kwana 180 aka yarda ɗan Birtaniya ya yi a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe iyakokinsu ga juna, ba biza. A taron da aka yi a Landan ran 19 ga Mayun 2025, Birtaniya da Tarayyar Turai sun amince su ƙulla yarjejeniyar da za ta dawo da fasfon dabbobi, amma kafin ta fara aiki takardar ce abin riƙo.

Masu motar gida na son cika mota da guzuri, kuma nan ma akwai tarko. Ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya, kuma abincin kare mai nama a ciki yake. An ɗaga ƙafa ne kawai ga abinci na musamman da lafiyar karen ta tilasta, shi ma kada ya wuce kilo 2, a cikin mazubinsa na kamfani. Sauran sai a saya bayan an tsallaka.

Inda na ga ya fi dacewa mutum ya natsu shi ne dawowa. Kafin kare ya sake shiga Birtaniya, sai likitan dabbobi ya ba shi maganin tsila mai sinadarin firazikwantel, ya rubuta sunan maganin da rana da lokaci, ya sa hannu ya buga hatimi. Ba a yarda maigida ya saya ya bayar da kansa ba. Lokacin kuma a ƙayyade yake: kada ya gaza awa 24 kafin shiga ƙasar, kada ya wuce awa 120. A ce jirginka zai isa Dova ran Lahadi da ƙarfe 12 na rana. Ƙofa ta buɗe ran Talata da ƙarfe 12, ta rufe ran Asabar da ƙarfe 12. Wanda ya kai karensa Talata da ƙarfe 9 na safe, ya yi gaggawa da awa uku, kuma awa ukun nan sun isa a hana shi hawa. Wanda ya bari sai Asabar da yamma ya makara, ga shi asibitocin dabbobi da yawa a ƙauyukan Faransa sun tashi a lokacin. Mai motar gida ya saba da tafiyar da ba ta da jadawali, in wuri ya yi masa daɗi ya ƙara kwana biyu. A wannan gaɓar ba haka ba ne. Ranar jirgi ake fara tsayarwa, a ƙirgo baya, a nemi likita a garin da za a kwana a tsakiyar kwanakin, Alhamis misali, don ko jirgi ya yi jinkiri da sauran sarari.

Wani zai ce tsananin ya yi yawa a kan tsutsar ciki. Ni ban ga haka ba. Wannan tsilar, wadda yanyawar Turai ke yaɗawa, ba ta cika damun kare ba, amma in ƙwanta ya shiga cikin mutum, hanta yake kamawa, yana ci a hankali shekara da shekaru kafin a gane. Birtaniya ba ta da ita. Haka Ayalan da Finlan da Malta da Noruwe, shi ya sa su ma suke neman maganin kafin a shiga, kuma wanda ya taho Birtaniya kai tsaye daga ɗayansu ba ya buƙatarsa.

A Kale, garin Faransa da ke bakin teku, kafin hawa jirgin ƙarƙashin teku, akwai ofishin karɓar dabbobi. Za a miƙo maka wata 'yar na'ura, ka shafa ta a wuyan karenka ko tsakanin kafaɗunsa har ta yi ƙara, lambar ta fito. Ma'aikaci ya gwada ta da wadda ke jikin takarda, lamba bayan lamba, ya duba ranar allura, ya duba lokacin maganin tsila. Shi ke nan, minti kaɗan. Amma in likita ya manta bai rubuta lokaci ba, ko lamba ɗaya ta kuskure, mota ta tsaya. Karen da ya isa Birtaniya ba bisa ƙa'ida ba ana iya killace shi har wata huɗu, kuma maigida ne zai biya. Saboda haka kafin ka bar teburin likita, karanta abin da ya rubuta da idonka.

Takarda kuma ba ta shafe dokar kowace ƙasa a kan irin kare. Faransa, a ƙarƙashin dokar 6 ga Janairun 1999, ta haramta shigo da karnukan rukuni na ɗaya, irin su fitbul marar takardar asali, ko da wucewa kawai za a yi. Na rukuni na biyu, kamar rotwaila, ba sa fita bainar jama'a sai da takunkumi da igiya. Denmak ta hana iri 13 tun 2010.

Akwai masu gudun sanyin hunturu da ke zarcewa kudu, su tsallaka daga Sifaniya zuwa Maroko. Nan lissafin ya sake, domin Maroko na cikin ƙasashen da Turai ba ta amince sun shawo kan ciwon haukan kare ba, kamar Turkiyya, kamar Najeriya da Nijar. Kare ba ya dawowa daga irin waɗannan ƙasashe sai da gwajin jini da zai nuna allurar ta kama. Ana ɗibar jinin aƙalla kwana 30 bayan allura, a aika ɗakin gwajin da Tarayyar ta amince da shi, sannan wata uku su cika daga ranar ɗibar kafin a shigo. Ana kuma buƙatar sabuwar takarda daga likitan gwamnatin ƙasar da aka baro. Wanda ya yi gwajin tun a gida, watanni kafin tafiya, wata ukun nasa sun cika yana kan hanya. Wanda bai yi ba sai da ya zo komawa, zai zauna da motarsa da karensa a wancan gefen teku har su cika.