Malakoloji: kalmomin ilimin dodon koɗi da danginsa

Malakoloji shine reshen ilimin dabbobi dake nazarin halittu masu taushin jiki marasa ƙashin baya, irinsu dodon koɗi da wuri da oktofus, dabbar teku mai hannaye takwas. Sunan daga Girkanci ya fito, malakos wato abu mai laushi, kuma Bafaranshen nan Henri de Blainville ne ya yaɗa shi a 1825, bayan Georges Cuvier ya ware wannan dangi da ake kira Mollusca a 1795. Akwai kuma konkoloji, shi ruwansa da ɓawon kawai, ba ya duba naman dake ciki.

Kalmomin in ka jisu da farko sai kaji kamar sunan magani, amma kowacce jikin dabbar take siffantawa. Gastirofoda na nufin ciki da ƙafa, don dodon koɗi kamar a kan cikinsa yake jan jiki. Baibalbiya sune masu ɓawo biyu dake buɗewa suna rufewa kamar ƙyaure, sefalofoda kuwa kai da ƙafa kenan, su oktofus da hannayensu ke fitowa ta wajen kai. Mantil itace fatar dake lulluɓe da jikin, ita ke fitar da sinadarin kalsiyam da ake gina katantanwa dashi. Radula wani harshe ne mai jerin ƙananan haƙora kamar magagari, dashi suke kankare ganye da gansakuka, masu ɓawo biyu dai basu dashi sam, tace ruwa suke su ci. Ofakulum shine ɗan murfin da wasu daga cikin dangin dodon koɗi ke toshe bakin ɓawo dashi.

Wurin da kakanninmu suka yi ciniki dashi, wanda jam'insa ne kuɗi, sunansa Monetaria moneta, kuma yawancinsa daga tsibiran Maldibs aka riƙa kawo shi.

Kalmomi biyun da nafi so mutane su riƙe sune destiral da sinistiral. Ka riƙe katantanwa tsininta na sama bakinta na kallonka, in bakin na dama to destiral ce, haka mafi yawa suke, in na hagu sinistiral. Wannan ba ƙaramin abu bane wallahi, saboda Bulinus, ƴar ƙaramar katantanwar kududdufi da madatsar ruwa dake ɗauke da ƙwayar tsargiya mai sa yara fitsarin jini, bakinta ta hagu yake, da haka ma'aikatan lafiya ke fara gane ta in sun debo ruwa a bakin gulbi.