Wayar lasifika da iyakar abin da kunne ke ji

Wayar lasifika ita ce mai ɗaukar sauti daga ampili zuwa lasifika, sautin kuwa a cikinta kuran ne kawai, wato wutar lantarki, yake tafiya, ba wani abu ba. An daɗe ana gardama a kanta, wasu na cewa mai tsada tana gyara murya, wasu na cewa jan ƙarfe jan ƙarfe ne. Ko a Damagaram za ka ji masu sono na biki da masu gyaran rediyo suna wannan musun.

Abin da ke rage ƙarfin sauti a waya shi ne turjiyar da take yi wa kuran, ana auna ta da om. Lasifika galibi om 4 ce ko 8, kuma ƙa'idar da masu sana'ar ke bi ita ce kada turjiyar waya ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ta lasifikar. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5, irin wadda ake ja wa kuran a gida, in aka ja ta mita 10 turjiyarta zuwa da dawowa wajen om 0.23 ce, babu matsala ga lasifika mai om 8. Amma in masallaci ne aka ja mita 30 zuwa saman hasumiya to ta haura, sai a nemi wadda ta fi ta kauri. Kauri da tsawo kenan, ba sunan kamfani ba. Akwai kuma wata yaudara a kasuwa, wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a sama, in ka kankare ta da wuƙa sai ka ga fari a ciki, kuma alminiyom wajen kashi 61 cikin ɗari kaɗai yake kaiwa na abin da jan ƙarfe ke wucewa da shi. Wannan kam ana jin bambancinta in nisa ya yi yawa. Azurfa ta fi jan ƙarfe da wajen kashi 6 ne kawai, ruwan zinarin da ake sa wa kan filogi kuwa don hana tsatsa ne.

Wayar makirufo daban take, don sautin da ke cikinta ɗan ƙarami ne sosai shi ya sa take kwasar gurnanin kuran mai 50 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, in lambar ta ƙaru sautin ya ƙara siranta), wannan "huuum" ɗin da ke fita a lasifika ana tsakiyar wa'azi. Maganinsa waya mai rufin raga da kai mai ƙafa uku da ake kira XLR, a kuma raba ta da wayar kuran. Ƙurar hunturu ma na shiga mahaɗa ta sa ƙarar kar-kar, sau da yawa gogewa kawai ake buƙata.

Hanyar raba gardamar ita ce gwajin rufe ido, a canza waya ba tare da mai saurare ya sani ba. A 2007 wani mai fallasa yaudara a Amurka, James Randi, ya sa tukuicin dala miliyan 1 ga wanda zai iya bambance wata waya ta dala 7,250 da wadda ba ta kai ta tsada ba ta hanyar ji kawai, ba a kai ga yin gwajin ba, ba wanda ya karɓi kuɗin.

To shi kunnen fa? Yaro mai lafiyar kunne yana ji daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz. A can cikin kunne akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cikinsa ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 16,000, waɗanda ke kama siririn sauti su ne a bakin ƙofa kuma su ne ke fara lalacewa, in sun mutu kuma ba sa sake fitowa. Shi ya sa mutum mai shekara 50 galibi ba ya jin abin da ya haura 14,000 Hz ko ƙasa da haka ma. A yankin Wales na Birtaniya har an ƙera wata na'ura a 2005 mai suna Mosquito, tana fitar da ƙara wajen 17,400 Hz don korar matasa daga bakin shaguna, manya su wuce ba su ji komai ba. Masu tallar waya mai tsada yawanci a wannan saman sauti suke cewa bambancin yake, alhali mai kuɗin sayenta sau da yawa ya wuce shekarun jinsa.

Abin damuwa na gaske shi ne idan lalacewar ta sauko inda magana take. Haruffa irin s da sh da ts su ne ke fara ɓacewa, sai ka ji dattijo na cewa yana jin ana magana amma ba ya ganewa, balle a taron suna inda kowa ke surutu. Ba tsufa kaɗai ke kawo wannan ba, ƙara ma na yi. Da desibel ake auna ƙarfin ƙara, kuma hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ce desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a rana, duk ƙarin desibel 3 lokacin ya rabu biyu, a desibel 100 minti 15 ne kawai. Mai injin niƙa da mai kwana kusa da gurup, wato janareta, da yaron sono da ke tsayawa gaban lasifika tun la'asar har dare duk suna cikin wannan haɗari, kuma kunne ya riƙa yin "tsiii" bayan an tashi biki alama ce ta an yi masa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda sauraro da ƙarfi, ta kuma ware 3 ga Maris a matsayin ranar ji ta duniya.