Jinya da koyarwa da doki ga masu buƙata ta musamman

Jinya da koyarwa da doki tsari ne na haɗa mai buƙata ta musamman da doki a fili, ƙarƙashin kulawar ƙwararre, domin a ƙarfafa masa jiki, ko a saita ɗabi'arsa, ko a koya masa abin da zaman aji ya gagara koya masa. An fi yi wa yara masu shanyewar gaɓɓai da ta taso daga ƙwaƙwalwa, wadda likitoci ke kira sarebral palsi, da masu otizim, larurar da ke shafar magana da cuɗanya da mutane, da masu Dawun sindirom, larurar da ake haihuwar yaro da ita mai jinkirta girma da koyo, da waɗanda shan inna ta taɓa, da manya masu shanyewar ɓarin jiki. Makafi da kurame ma suna shiga. Ƙari ne a kan maganin asibiti da karatun makaranta, ba ya maye gurbinsu.

Rabe-rabensa

Masu aikin sun kasa shi uku. Akwai hifoterafi, inda likitan gashin ƙashi, ko mai koyar da ayyukan yau da kullum, ko mai gyaran magana ke amfani da motsin doki a matsayin magani. A nan mahayin ba ya sarrafa dokin, zama kawai yake yi jikinsa na amsa motsin. Akwai hawan da aka daidaita da nakasar mutum, inda ake koya masa hawan kansa: riƙe kamazuru, tsayarwa, juyawa. Na uku aikin ƙasa ne, babu hawa: sharce jikin doki, ba shi harawa da ruwa, jansa da igiya, share barga. Wannan na ƙarshe shi ya fi sauƙin kafawa, kuma shi aka fi rainawa ba da hujja ba.

Tarihi

Ana danganta wa tsoffin likitocin Girka, musamman Hippocrates, maganar cewa hawan doki na gyara jiki, amma tsarin da aka sani a yau bai wuce tsakiyar ƙarni na 20 ba, kuma shan inna ce ta haife shi.

Lis Hartel, wata mahayiya 'yar ƙasar Denmark, ta kamu da shan inna a 1944 tana da shekara 23, tana kuma ɗauke da juna biyu. Ƙafafunta daga gwiwa zuwa ƙasa ba su sake aiki ba. Ta koma hawa duk da haka, sai an ɗora ta an kuma sauke ta. A gasar Olamfik ta 1952 a Helsinki, karon farko da aka bar mata suka kara da maza a wasan sarrafa doki, ta zo ta biyu. Wanda ya zo na ɗaya, Henri Saint Cyr na ƙasar Sweden, shi ya tallafe ta zuwa dandalin karɓar lambar yabo. Ta maimaita wannan matsayi a 1956 a Stockholm. Labarinta ya sa likitocin gashin ƙashi a arewacin Turai, cikinsu har da Elsebet Bødtker ta Norway, suka fara ɗora yaran da shan inna ta shanye a kan ƙananan dawaki tun wajajen farkon shekarun 1950.

Daga nan abin ya rabu biyu. A Jamus da Austria da Switzerland, cikin shekarun 1960, ya zama reshen gashin ƙashi, likita ke tsara shi kamar yadda yake tsara kowane magani. A Birtaniya da Amurka kuwa ya bi hannun 'yan sa kai da masu dawaki. A 1969 aka kafa RDA, ƙungiyar hawan doki ta nakasassu, a Birtaniya, a shekarar ce kuma aka kafa takwararta NARHA a Amurka, wadda ta sauya suna zuwa PATH International a 2011. Ƙungiyar ƙasa da ƙasa da yanzu ake kira HETI ta samu a 1980, ƙungiyar likitocin hifoterafi ta Amurka a 1992, EAGALA mai aikin ƙasa don lafiyar tunani a 1999. Wasan sarrafa doki ya shiga gasar Olamfik ta nakasassu a 1996 a Atlanta.

Yadda motsin doki ke aiki

Doki na tafiyar ƙasaita yana yin taku kimanin 100 a minti ɗaya. Kowane taku yana kai ƙugun mahayi gaba da baya, dama da hagu, tare da ɗan murɗawa, kusan yadda ƙugun mai lafiya ke yi idan yana tafiya da ƙafarsa. Yaron da bai taɓa takawa ba yana samun wannan motsi sau dubbai cikin rabin awa, kuma dole naman cikinsa da na bayansa da na wuyansa su riƙa gyara zamansa a kowane taku. Zafin jikin doki, wanda ke tsakanin digiri 37.5 da 38.5, yana taimakawa wajen sassauta cinyoyin da suka ƙage. Shi ya sa a hifoterafi ba a cika ɗaura sirdi ba, sai shimfiɗa mai laushi da ɗamara mai mariƙi. Likita na iya zaunar da yaro yana fuskantar gaba, ko gefe, ko baya, ko ya kwantar da shi rub da ciki, kowane zama da naman da yake motsawa.

Ga mai otizim da mai wahalar koyo, amfanin yana wani wajen. Doki ba ya tafiya sai an ba shi umarni a sarari, ba ya kuma tsayawa kusa da mai ihu da fizge-fizge. Yaro na ganin sakamakon halinsa nan take, ba tare da faɗan malami ba.

Dokin Bauchi da Gombe

Doki ba baƙo ba ne a wannan yanki. Masarautar Bauchi da Yakubu ya kafa da ta Gombe da Buba Yero ya kafa a farkon ƙarni na 19 da dawaki suka tsayu, haka Katagum da Misau da Jama'are. Har yau akwai barga a gidajen sarauta da na attajirai, akwai sarautar Shamaki, akwai hawan sallah da na angwanci da kilisar yamma. Masu sanin ciyar da doki da ba shi kanwa da duba kofatonsa suna da yawa. Abin da ya bambanta shi ne irin dokin da wannan aiki ke nema.

Dokin hawan sallah galibi ingarma ne, an hore shi ya zabura da sukuwa, ya yi birki a gaban sarki wajen jafi, ya ɗaga ƙafafun gaba idan an taɓa shi da ƙaimi. Duk abin da ke sa a yaba masa a ƙofar fada shi ke hana a ɗora masa yaron da wuyansa bai tsaya ba. Abin da ake nema goɗiya ce mai sanyin hali ko dandaƙaƙƙen doki, wanda ya haura shekara 8, lafiyayyen baya, mai taku daidai ba ɗingishi. Tsayinsa a kafaɗa ya kasance tsakanin santimita 140 da 155, domin masu rakiya su kai ga cinyar mahayi ba tare da sun ɗaga hannu sama da kafaɗarsu ba. A nan dawakin ƙasar suna da fifiko biyu da bai kamata a manta ba: ba su da tsayi sosai, kuma jikinsu siriri ne, wanda ya dace da yaron da cinyoyinsa ke harɗewa, ba ya iya buɗe su a kan faffaɗan baya. Dokin da ya saba da kalangu da kakaki da harbin 'yan bindiga kuma hayaniyar yara ba ta razana shi.

Kafin a ɗora kowa, ana shafe makonni ana sabar da dokin da keken guragu, da sandar dogarawa, da ƙwallo da ake jefawa ta kansa, da mutane biyu manne da haƙarƙarinsa, da tsayuwa cik a gefen dandalin hawa. Lafiyayyen mahayi yana hawa ya kwaikwayi karkacewa da ihu da dukan ƙafa. Dokin da ya kwantar da kunne ko ya kai cizo a wannan gwaji ba ya shiga aikin. Nauyin da zai ɗauka, har da sirdi, kada ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa: doki mai kilo 300 iyakarsa kilo 60. Mahayin da ba ya riƙe kansa ya fi mai lafiya nauyi a bayan doki, don haka ana ragewa ƙasa da hakan.

Kayan hawa

Linzamin gargajiya mai zobe a haɓa yana da zafi ƙwarai, kuma hannun mai sarebral palsi na iya fizga ba da nufinsa ba. Saboda haka ana ɗaura kamazurun mahayi a ragama, ba a ƙarfen baki ba. Sirdin gargajiya mai doguwar kwacciya gaba da baya yana tallafe mai rauni, amma yana da nauyi, yana toshe motsin da ake nema, yana kuma hana a zare mahayi da sauri idan doki ya firgita. Likkafa mai kaifin kusurwa ba ta da wuri a nan, haka ƙaimi da bulala.

Hular kwano dole ce, kuma ta hawan doki, domin ta babur tana yi wa raunanan wuya nauyi. Takalmi rufaffe mai ɗan dunduniya ake sawa, ba silifa ba. Babbar riga da dogon hijabi suna kaɗawa su tsorata doki ko su sarƙe a sirdi, don haka yarinya kan sa wando da gajeren hijabi a ƙarƙashin hular, kuma mata ne ke mata rakiya. Ba a taɓa ɗaure mahayi a jikin doki, kome rauninsa.

Tsarin darasi

Mutum 4 ke kula da sabon mahayi ɗaya: mai koyarwa ko likita, mai jan doki, da masu rakiya biyu. Fili mai shinge, shimfiɗaɗɗe, mai yashi, na mita 20 da 40 ya isa. Darasi kan ɗauki minti 30 zuwa 45, sau ɗaya ko biyu a mako. Mai rauni sosai ana fara shi da minti 10.

Ana kawo yaro ta gefen kafaɗar doki, ba ta gaban goshi ko bayan wutsiya ba, domin nan ne doki ba ya gani. Ya miƙa bayan hannu a sansana, sannan a ba shi buroshi ya sharce daga wuya zuwa baya, yana bin kwanciyar gashi. Malami na faɗar sunan kowace gaɓa, yaro na maimaitawa ko yana nunawa. Daga nan a duba majayi, a kai doki gefen dandali mai gangara, mai ja ya tsaya a gabansa, mutum ɗaya ya tsaya a ɗaya ɓangaren ya karɓi ƙafar. A zaunar da mahayi a hankali, kada a sake shi ya faɗa wa bayan dokin. Wanda ba ya iya buɗe cinya ana zaunar da shi a gicciye, sannan a tsallakar da ƙafarsa ta kan wuyan doki. Bayan 'yan mintoci ana sake duba majayi, saboda doki kan kumbura ciki lokacin ɗauri.

Masu rakiya suna kama gaban sirdi, damtsensu na kan cinyar mahayi, ba sa jingina da ƙugun doki, ba sa hira. Murya ɗaya ce ke ba da umarni, kuma ana jiran yaro ya ce "tafi" ko ya taɓa wuyan dokin kafin a motsa, ko da zai ɗauki rabin minti. Gaggawar yi masa abin da zai iya yi da kansa ita ce kuskuren da ya fi yawa a wajen masu taimako na kirki. Mai ja ba ya naɗe igiya a hannu. Sassarfa ba ta zuwa sai likita ya yarda, domin girgizarta na ƙara ƙagewar jiki.

Waɗanda ba a ɗorawa

Sai likita ya duba kafin a fara. A yankin nan akwai sashen gashin ƙashi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ba a ɗora mai farfaɗiyar da magani bai riƙe ta ba, ko mai gocewar kwatangwalo, ko mai tsananin karkacewar ƙashin baya, ko mai ƙashi mai saurin karyewa, ko mai gyambo a mazaunai, ko yaron da bai kai shekara 2 ba. Mai Dawun sindirom sai an tantance ƙasusuwa biyu na saman wuyansa, domin a wasunsu suna da sako-sako, kuma girgiza na iya taɓa lakar. Mai sikila zafi da ƙishirwa na tayar masa da ciwo. Yawancin waɗannan suna iya yin aikin ƙasa. Kowa ya samu rigakafin cutar sarƙe haƙora, a kuma riƙa duba doki saboda makero da kaska.

Lokaci

A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40, don haka da sanyin safiya ko bayan la'asar ake yi. Ƙurar hunturu na tayar da asma, sai a yayyafa wa filin ruwa. Dokin ma kada aikinsa ya wuce awa biyu zuwa uku a yini.

Bincike

Shaidar da ta fi ƙarfi tana kan gyaruwar zama da daidaiton jiki ga yara masu sarebral palsi. Wani gwaji da aka buga a 2015 daga jihar Colorado ta Amurka ya nuna raguwar saurin fushi da rashin natsuwa ga yara masu otizim bayan mako 10 na hawa. A ɓangaren ciwon damuwa da sauran larurorin tunani masana sun saɓa, saboda yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne. Babu larura ɗaya cikin waɗannan da doki ke warkarwa.

Doka

Hukumar MRTB ce ke ba likitocin gashin ƙashi lasisi a Najeriya. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi haƙƙinsu na ilimi da kiwon lafiya da shiga wuraren jama'a.