Gane Fulawar Gida ta Hanyar Ganye da Fure

Gane fulawar gida shi ne bin siffofin tsiron ado da ake reno a tukunya, a falo ko a baranda ko a tsakar gida, har a kai ga sanin danginsa da sunansa. A Hausar yau kalmar fulawa ta haɗa duk tsiron da aka shuka don ƙawa, ko yana fitar da fure ko ba ya fitarwa. Aikin ya fi dogara ga ganye da fure, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne, domin ganye yana rage yawan tsirran da ake zato ne kawai, fure kuwa shi ke raba gardama.

A gari irin Kaduna mafi yawan fulawoyi suna shiga gida ba tare da suna ba. Wata reshe ce da uwargida ta karyo a gidan maƙwabciya ta dasa a gwangwanin madara, wata kuma an sayo ta ne a baƙar leda daga masu fulawa da ke jera kayansu a bakin titi. Masu sayarwar sun ƙware a reno da dashe, amma sunayen da suke bayarwa na kasuwa ne, har ta kan kai tsiro ɗaya ya amsa suna uku a wurin mutum uku. Ga shi kuma akasarin waɗannan tsirrai baƙi ne daga Amurka ta Kudu da Madagaska da kudu maso gabashin Asiya, don haka ba su da sunan Hausa da aka gada. Sanin sunan gaskiya shi ke nuna yawan ruwa da rana da tsiron yake so, shi ke kuma nuna ko yana da guba, abin da ba a wasa da shi a gidan da yaro ke rarrafe.

Asalin sunayen kimiyya

Tsarin bai wa kowane tsiro suna biyu na Latin, na farko na rukuninsa, na biyu na nau'insa, ya kafu ne da aikin Carl Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin a shekarar 1753, kuma shi kansa da ƙirga sassan fure ya jera tsirrai. A ƙasar Hausa, likitan nan ɗan Sikotilan J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Nijeriya, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai na Hausa a 1916, daga baya kuma shi da John Hutchinson suka tattara bayanin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. Sunayen kimiyya ma suna sauyawa: tsiron nan mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba, ɗan'uwan moda, an daɗe ana kiransa Sansevieria trifasciata kafin a mayar da shi Dracaena trifasciata a 2017. Wanda ya ci karo da suna biyu ga tsiro ɗaya kada ya ɗauka lallai ɗaya kuskure ne.

Abin da ganye ke nunawa

Abu na farko da ake dubawa shi ne zaman ganye a jikin kara, domin wannan siffa ba ta canzawa da taki ko inuwa. Ana bin kara gaɓa-gaɓa. Idan ganye ɗaya ne a kowace gaɓa, kamar na mangwaro, an ware tsiron daga masu ganye biyu suna fuskantar juna kamar na gwaiba. Akwai masu ganye uku a zagaye da gaɓa ɗaya, fitacce a cikinsu shi ne Nerium oleander mai siraran ganye da fure ruwan hoda, wanda kowane sashe na jikinsa guba ne. Wasu kuma ba a ganin karansu sam, ganyen yana fitowa ne a cure daga gindi.

Daga nan sai a tantance ko ganyen guda ne ko mai 'ya'ya, irin na zogale da tsamiya. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kuma hanyar rabewa ita ce duba hammatar ganye, wato inda mariƙinsa ya haɗu da kara. Ganye na gaskiya yana da idon toho a hammatarsa, 'ya'yan ganye ba su da shi. Tsiron Zamioculcas na gabashin Afirka, mai ƙyalli kamar an shafa masa mai, misali ne mai kyau: abin da ake ɗauka reshe ne mai ganye barkatai, ganye ɗaya ne tal da ya taso daga ƙasa.

Jijiyoyin ganye ana ganinsu sosai idan aka ɗaga shi wajen haske. Masu jijiyoyi a miƙe, kafaɗa da kafaɗa kamar na dawa da masara, suna cikin babban rukunin da ya haɗa da ciyayi da albasa da dabino. Masu jijiyoyi a saƙe kamar raga, irin na kuɓewa, suna ɗaya rukunin. Ƙa'idar tana da togaciya guda da ta shafi fulawar ɗaki ƙwarai, wato dangin gwaza, waɗanda suke cikin rukunin farko amma jijiyoyin da yawansu a saƙe suke.

Hannu da hanci ma suna da aiki. Kara mai kusurwa huɗu idan aka murza shi tsakanin yatsu, tare da ganye biyu-biyu, alama ce ta dangin ɗoɗɗoya da na'a-na'a, kuma a nan ne fulawar Coleus mai ganye ja da kore take, 'yar'uwar tumuku da rizga. Idan aka tsinke ganye farin ruwa kamar nono ya tsattsafo, zato ya koma kan dangi uku: na tinya da aguwa, na tumfafiya, ko na ɓaure da durumi. Na ƙarshen ana gane shi da kuben da ke lulluɓe sabon toho a ƙarshen reshe, wanda idan ya faɗi yake barin zobe a jikin kara, kamar yadda ake gani a Ficus elastica mai faffaɗan ganye mai kauri. Wannan gwaji da tsinke ake yinsa ko da leda a hannu, ba a kuma kai hannun ido.

Launi shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma ya fi yaudara. Codiaeum variegatum yana da ire-ire masu yawa, wani ganyensa siriri a murɗe, wani faffaɗa, wani ja, wani rawaya, duk kuwa nau'i ɗaya ne. Tsiro mai rodi-rodi idan ya daɗe a lungu mai duhu yakan koma kore. Girman ganye ma haka: Monstera deliciosa na kudancin Mekziko, wanda aka sani da ganye mai huji da tsaga, yana ƙarami ganyensa lafiyayye ne babu huji ko ɗaya.

Masu kama da juna

Tukwane uku sukan zauna a baranda ɗaya, duka masu kaurin ganye daga gindi, a kira su da suna ɗaya. Wuƙa tana raba su. Ganyen Aloe, wanda na dajinmu ake kira zabuwa saboda ɗigo-ɗigon jikinsa, yana da haƙora masu taushi a gefe, idan aka yanka shi cikinsa yauƙi ne garai-garai. Ganyen Agave, baƙo daga nahiyar Amurka, yana ƙarewa da ƙaya mai tsini da ke huda fata, cikinsa kuma zare ne mai tauri. Ganyen moda ba shi da haƙora a gefe, yana da zane a gicciye, kuma zarensa ne aka daɗe ana tufka igiya da tsirkiyar baka da shi. Furensu ya ƙara nisanta su: Aloe yana iya fure shekara bayan shekara, Agave kuwa sai ya shekara da yawa kafin ya harba doguwar sanda sau ɗaya, daga nan uwar ta mutu ta bar 'ya'ya a gindi.

Haka ake gwama kaktus da dangin ƙerana da tinya, saboda dukansu masu ƙaya ne marasa ganye sosai. Ƙayar kaktus tana fitowa ne a tattare daga wani ɗan matashi mai gashi-gashi, kuma yawancinsu ruwan jikinsu ba fari ba ne. Dangin ƙerana ba su da wannan matashi, ƙayarsu sau da yawa biyu-biyu ce, kuma da an soka tsinke farin ruwa yake biyo baya, ruwan da ke ƙona fata yake kuma yi wa ido mummunar illa.

Abin da fure ke yankewa

Fure ya fi ganye tabbas domin gininsa ba ya bin yanayin da tsiro ya tashi a ciki. Ana fara da ƙirga. Fallayen fure uku ko shida sukan tafi da masu jijiyoyi a miƙe, kamar albasar kwaɗi. Huɗu ko biyar kuma da masu jijiyoyi a saƙe. Sai a duba ko fallayen a rarrabe suke ko sun haɗe sun zama bututu, sannan a duba tsinkayen da ke ɗauke da garin fure a tsakiya.

Mutumin da ya tashi kusa da gona ya riga ya san dangogi da yawa, ko da bai taɓa jin sunansu na kimiyya ba, kuma a ganin mai wannan rubutu wannan sani ya fi haddace sunayen Latin amfani ga mai farawa. Wanda ya san furen kuɓewa da rama da yakuwa, mai fallaye biyar da sanda guda a tsakiya wadda tsinkayen suka manne a jikinta, zai gane Hibiscus na ado da kallo ɗaya. Fallaye biyar a karkace kamar fukafukan fanka, a saman bututu, alama ce ta dangin kariya, wato Adenium obesum mai kumburarren gindi. A dangin nan ne Plumeria mai ƙanshi take, da Catharanthus roseus ta Madagaska da ke tsirowa ko a tsagar siminti, wadda daga jikinta aka samo magungunan ciwon daji (kansa) guda biyu, binkiristin da binbilastin. Ƙananan furanni masu fallaye huɗu a cure kamar dunƙule, a kan ganye biyu-biyu, Ixora ce, dangin kofi.

Akwai tarko guda da ya kamata a sani. Abin da ake kira furen Bougainvillea, mai launin shuɗi-ja ko lemo, ganye ne da ya rikiɗe, har jijiyoyinsa ana gani. Furen gaskiya su ne 'yan farare uku da ke tsakiya. Haka jan abin da ke kan Euphorbia milii mai ƙaya. Wanda ya ƙirga waɗannan a matsayin fallayen fure zai ɓace hanya tun daga farko.

Dangin gwaza suna da nasu fasalin: sanda mai kauri da ƙananan furanni suka lulluɓe, ganye guda kuma ya rungume ta kamar mayafi. Duk tsiron da ya nuna wannan, a ɗauka yana da ƙananan allurai na sinadarin da ke sa ɗanyen gwaza ƙaiƙayi a maƙogwaro. A Dieffenbachia, mai faffaɗan ganye da feshin fari a tsakiya, wadda ta cika falo da ofisoshi, abin ya yi tsanani har tauna karanta yana kumbura harshe ya hana magana na ɗan lokaci.

Matsalar ita ce yawancin fulawar ɗaki ba ta fure a tukunya. Epipremnum aureum, mai yaɗon nan da ake sakawa a kwalbar ruwa, da wuya a taɓa ganin furensa, kuma ana yawan gwama shi da Philodendron mai ganye kamar zuciya. A nan sai a koma ga mariƙin ganye: na farkon yana da kwari a tsawonsa, ganyen kuma da ɗan kauri, na biyun a mulmule yake, sabon ganyensa kuma yana fitowa daga wani siririn kube da ke bushewa ya faɗi.

Lokaci da kayan aiki

Yanayin Kaduna yana shafar aikin. Da hunturu ƙura kan dusashe ganye har mai ƙyalli ya yi kama da mai gashi, saboda haka sai an goge da jiƙaƙƙen tsumma kafin a duba. Kariya da Plumeria sukan kaɗe ganye da rani, kariya kuma a lokacin ne take cika da fure, ta yadda mai bincike zai iya samun fure a wata ɗaya, ganye a wani watan. Tsiron da aka kasa ganewa ana iya ba shi shekara guda ana lura, daga damina zuwa damina.

Manhajojin waya irin su Pl@ntNet, wadda cibiyoyin binciken Faransa suka fitar a 2013, da Google Lens, suna kwatanta hoto su kawo jerin sunaye. Suna da saurin kai mutum ga dangi, amma hoton ganye ɗaya kan sa su yi kuskure, don haka amsarsu zato ce da za a gwada da siffofin da aka ambata. Hoton da ya fi amfani shi ne na tsiron gaba ɗaya, da na gaɓa inda ganye ya haɗu da kara, da na bayan ganye, da na fure ta gaba da ta gefe.

Idan duk wannan bai wadatar ba, musamman idan ana nufin yin magani da tsiron, ana kai samfuri ma'ajiyar busassun tsirrai, kamar wadda ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan. Ana yanko reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, a juya ganye ɗaya ya nuna bayansa, a danne da katako da abu mai nauyi, a riƙa sauya jaridar kullum har ya bushe. Ana haɗawa da takarda mai ɗauke da ranar da aka tsinka, da wurin, da tsawon tsiron, da launin fure da ƙanshinsa da launin ruwan jikinsa, domin waɗannan ukun na ƙarshe suna gushewa da bushewa.